Wanda Ba Shi Da Harawa Kada Ya Ɗaure Ingarma: Magana A Kan Tsofaffin Motocin Turbo



Makon jiya wani ɗan'uwa ya sa hoton wata tsohuwar motar gudu mai turbo da aka yi masa tayinta, ya ce a ba shi shawara. Kafin la'asar amsoshi sun rabu gida biyu. Gida na farko suka ce masa ya gudu, turbo wahala ce, motar Turawa ce ba ta yi da ƙasarmu, ya nemi Corolla ya huta. Gida na biyu suka ce ya saya kawai, mota ai mota ce, abin da ya lalace a gyara, Allah na nan. Da gidajen nan biyu muke da rigima yau, domin kowannensu ya ba bawan Allahn nan shawarar da ba ta ratsa ta cikin bonet ba. Na farko sun ɗora wa ƙarfe laifin mutum. Na biyu kuma suna tura shi kasuwa ya sayo ingarma alhali ba su tambaye shi ko yana da harawa ba.

Akwai wata jar mota mai ƙofa biyu a bayan layinmu. Ba za mu faɗi ƙirarta ba, don mai ita ɗan'uwa ne kuma yana iya karanta wannan rubutu. Ranar da aka kawo ta daga Legas yara har bakin titi suka bi ta da gudu. Filin gado aka sayar aka saye ta. Bayan wata takwas ta koma ƙarƙashin dalbejiya, tayoyi sun sace, kaji na kwana a ƙarƙashinta, kuma har yau tana nan. In ka tambayi mai ita zai ce maka motar ce ba ta da ƙarko, wani lokacin ma ya ce baki ne ya kama ta. Mu kuwa muna wurin aka yi komai. Muna tsaye aka ɗura mata baƙin mai na awo daga duro a bakin titi. A makon farko aka cire mata tamostat aka jefar, aka haɗa fanka kai tsaye. Ruwan rijiya ta sha a lagireto tun daga ranar farko har ranar ƙarshe. Ya sha taho da ita daga Zariya a guje, yana isa ƙofar gida ya murɗe makulli ya shige ciki. Da ta fara fitar da shuɗin hayaƙi ya ƙara wata biyu yana hawa, wai bari a yi albashi. Mu ma da muke faɗin wannan ba mu da bakin fariya, domin muna cikin waɗanda suka riƙa shiga gaba ana zaga gari da mu, ba mu taɓa ce masa kul ba.

Bari mu faɗi abin da turbo take, domin rabin masu zaginta da rabin masu yabonta ba su taɓa riƙe ta a hannu ba. Inji yana samun ƙarfi ne daga ƙona fetur da iska. Injin da ba shi da turbo, da kansa yake zuƙar iskar, iya abin da ya zuƙa iya ƙarfinsa. Turbo kuwa 'yan fankoki biyu ne a kan sanda ɗaya. Hayaƙin da ke fita daga inji shi ke juya ta farko, ita kuma ta juya ta biyu, ta biyun ta danna iska cikin inji da ƙarfi. Iska ta ƙaru, a ƙara fetur, ƙarfi ya ƙaru. Shi ya sa ƙaramin inji mai lita 2 yake iya aikin babban inji. To amma sandar nan tana juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, hayaƙin da ke dukanta kuma zafinsa na iya kaiwa digiri 900. Abin da ke tsakaninta da ƙarfen da take kwance a ciki, ɗan siririn baƙin mai ne kawai. Ran da malaminmu na wakshop a foliteknik ya fasa wata matacciyar turbo ya nuna mana cikinta, baƙin man ya daskare ya zama kamar ƙanzon tukunya. Duk wanda ya ga wannan sau ɗaya ba zai sake cewa mai mai ne ba.

Wannan matsala kuma ba a kanmu aka fara ta ba. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, Alfred Büchi, shi ya yi rajistar dabarar a 1905. Sai a 1962 aka fara sayar wa jama'a ƙananan motoci masu turbo a Amurka, wato Oldsmobile Jetfire da Chevrolet Corvair. Ita Jetfire an yi mata wani ɗan tanki na musamman da ake zuba haɗin ruwa da sinadarin metanol, don ya sanyaya wutar cikin inji. Masu motar suka riƙa barin tankin ya ƙafe, motar ta rage ƙarfi don ta kare kanta, su kuma su koma wurin dillali suna ƙorafi. Shekara biyu kacal aka yi ana ƙera ta aka daina, daga baya ma kamfanin ya riƙa cire wa mutane turbo ɗin yana sa musu kafireta. Ka ga ke nan tun ranar farko, babban abokin gabar turbo shi ne mai mota da ba ya karanta littafin motarsa.

Masu cewa motar Turawa ce ba ta jure zafi da ƙurar Afirka, muna da tambaya gare su. Gasar Safari ta ƙasar Kenya tana cikin tseren motoci mafi wahala a duniya, ƙura da taɓo da duwatsu da zafin rana. A 1994 ɗan Kenya Ian Duncan ya ci ta da Toyota Celica mai turbo. A 1996 Tommi Mäkinen ya ci ta da Mitsubishi Lancer Evolution. A 1997 Colin McRae ya ci ta da Subaru Impreza. Duka ukun turbo gare su, kuma irinsu ne muke gani jefi-jefi a garejin Kano da Kaduna da Abuja an rufe su da tamfol. Mu bar tsere ma, mu dawo gida. Tirelolin DAF da MAN da ke ɗauko kaya daga Legas har Maiduguri, da turbo suke tafiya. Hilux mai shan gas da ake shiga daji da ita, turbo gare ta. In da ƙasarmu ce ba ta karɓar turbo, da tuni siminti da taki sun daina zuwa Arewa. Bambancin shi ne, bayan kowace motar Safari akwai rundunar makanikai da ke jiranta a kowane zango, mai tirela kuma ya san abincin gidansa na cikin injin nan, don haka ba ya wasa da ranar sabis. Mai motar gayu ne kaɗai yake son gudun Safari da kulawar amalanke.

Yanzu mu lissafa laifuffukanmu, mu masu mota da masu zuga masu mota.

Na farko baƙin mai. Kowace mota an rubuta irin man da take sha a littafinta, wani lokacin har a kan murfin da ake zuba shi. Mu kuwa mun yi wa kowane inji kuɗin goro da mai kauri, wai ƙasarmu da zafi. Bututun da ke kai wa turbo mai siriri ne ƙwarai. Mai kauri yana jinkirin isa da safe, mai na jabu kuma yana ƙonewa ya toshe bututun. Daga nan sanda ta fara cin mazauninta, ta fara rawa, mai ya fara tsallakawa cikin salansa, shuɗin hayaƙi ya bayyana. Sai a sayo wata turbo ta gwanjo a ɗaura ba tare da an wanke ko an canza bututun da ya kashe ta farko ba, bayan 'yan makonni ita ma ta bi 'yar'uwarta, a ce kayan yanzu ba su da kyau. Haka batun kashe mota da zafinta. Da zarar inji ya tsaya, famfon mai ya tsaya, man da ya rage a cikin turbo mai zafi sai ya soyu a wurin. Maganin bai kai kuɗin ruwan leda ba: in ka yi doguwar tafiya a guje, ka sassauta ƙafa a kilomitocin ƙarshe, in ka tsaya ka bar ta ta yi silo na minti ɗaya ko biyu. Da safe kuma kada ka take totur sai inji ya ɗumama. Wannan ɗan haƙurin ne muka kasa.

Na biyu tamostat da ruwa. Babu al'adar da ta yi mana illa a gareji kamar cire tamostat daga kowace mota da ta shigo ƙasar nan, wai na ƙasar sanyi ne. Aikin tamostat shi ne ya kai inji zafin da aka tsara masa da wuri, ya kuma riƙe shi a wurin. In ka cire shi, inji zai daɗe yana aiki da sanyi, ƙwaƙwalwar mota ta ɗauka har yanzu asuba ce ta yi ta ƙara fetur, fetur ɗin ya wanke man da ke jikin silinda ya gangara ya tsinka baƙin mai. Ka ƙara shan mai, ka rage wa inji kwana, kuma ba ka magance abin da ya sa motar take zafi ba, wanda sau da yawa toshewar lagireto ne ko mutuwar murfinsa ko gajiyar famfon ruwa. Ruwan rijiya da na famfo kuma suna kawo tsatsa, suna barin gishiri a cikin ƙananan hanyoyin ruwa. Ruwan sanyaya inji na gaskiya, mai launi, yana hana tsatsa kuma ya fi jinkirin tafasa. Corolla na iya yafe maka wannan na wasu shekaru. Inji mai turbo zafinsa ya fi yawa, don haka haƙurinsa ya fi gajarta.

Na uku fetur, kuma a nan za mu yarda cewa gidan farko suna da 'yar gaskiya. Littattafan motocin gudu irin waɗannan suna neman fetur mai lamba 95 ko 98, wanda ke jure matsi ba tare da ya kama da wuta kafin lokaci ba. A Turai da Japan kana zaɓa ne a bakin famfo. Mu nan nau'i ɗaya ake sayarwa, abin da ka tarar shi za ka sha, kuma ba mu manta da gurɓataccen fetur mai metanol da ya shigo ƙasar nan a Fabrairun 2022 ya lalata wa mutane motoci ba. In fetur ya gaza, ga iskar da turbo ta matsa ta yi zafi, sai wuta ta riƙa tashi a cikin silinda ba bisa ƙa'ida ba, kana jin ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Ƙwaƙwalwar mota tana da na'urar jin wannan ƙara, kuma tana rage ƙarfi don ta kare inji, amma kariyar tana da iyaka, in aka wuce ta fistin ne ke tsagewa. Mai hankali abin da zai ɗauka daga nan shi ne ya sha mai a gidan man da ya yarda da shi, ya guji na bumburutu, kada ya danne totur har ƙasa da tsakar ranar watan Afrilu, kuma kada ya kuskura ya ƙara wa turbo matsi.

Wannan ya kawo mu laifi na huɗu, wanda samari suka fi so, wato ƙara wa mota wuta. Kowace turbo tana da wata 'yar ƙofa da ke sakin rarar hayaƙi in matsi ya kai iyakar da aka tsara. Sai yaro ya kalli bidiyo biyu a YouTube ya ɗaure ƙofar nan ko ya toshe robarta, mota ta yi fizga na kwana uku, a rana ta huɗu a jawo ta da igiya. Ko Nissan Skyline GT-R ta 1989, wadda ta ci duka tsere 29 da ta shiga a gasar motoci ta Japan daga 1990 zuwa 1993, fankokin turbo ɗinta na asali na tangaran ne, kuma sananne ne a wurin masu ita cewa in ka ƙara matsi fiye da kima suna farfashewa. Waɗanda kake gani a bidiyo sun canza fistin, sun canza famfon fetur, sun faɗaɗa na'urar sanyaya iska, sun sake tsara ƙwaƙwalwar mota a kan na'urar gwaji. Kai kuma filaya da waya kawai ka riƙe. Haka masu cire akwatin filtar iska su ɗaura 'yar buɗaɗɗiya don mota ta riƙa huci. A lokacin hunturu, ƙurar da ke shiga ta nan tana cin bakin fankar turbo kamar yadda sanfefa ke cin katako.

Na biyar shi ne roba da shekaru. Motar 1998 ko 2003, ko da an ajiye ta a ɗaki, robobinta sun tsufa: bututan ruwa, bututan iska, sil-sil, da uwa uba bel ɗin taimin. A yawancin waɗannan injina, in bel ɗin nan ya tsinke ana cikin tafiya fistin zai daki bawul, aikin yini ɗaya ya koma sauke inji. Mitsubishi ta ce a canza na Lancer Evolution a mil 60,000, wato kimanin kilomita 96,000. To wa ya san gaskiyar tafiyar motar gwanjo, a kasuwar da ake mayar da agogon mota baya kamar yadda ake rage shekaru a takardar haihuwa? Ƙa'ida ita ce, ranar da ka saya ka ɗauka ba a taɓa canza komai ba. Bel, famfon ruwa, fulogi, dukkan mayuka, har da man birki wanda ke shan danshi kuma ake so a canza shi duk shekara biyu. In kuɗinka ya ƙare a wurin dillali, to rabin mota ka saya.

Mu zo kan kuɗin, domin a nan ne gida na biyu suke yaudarar mutane. Tsohuwar motar gudu tana arha ne a wurin saye saboda wanda ya sayar ya gaji da ciyar da ita. Farashin jikinta ya faɗi, amma farashin kayanta yana nan a matsayin na motar masu kuɗi, kuma da dala ake lissafa shi. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 aka kuma saki naira, kowa ya san yadda lita da dala suka koma. Kayan Corolla da Golf za ka same su a Ƙofar Ruwa ko Panteka kafin azahar. Na Evolution ko WRX sai an buga waya Ladipo, in ba a dace ba a yi oda daga Dubai ko Ingila a jira makonni. Kuma ba kai kaɗai kake nema ba. Dokar Amurka tana barin a shigo da motar waje in ta cika shekara 25, don haka duk shekara wasu tsofaffin motocin Japan suna samun sababbin masu nema da aljihu mai nauyi. Toyota Supra mai ruwan lemo ta fim ɗin The Fast and the Furious an yi gwanjonta dala 550,000 a 2021. Kamfanin Nissan da kansa ya koma ƙera wasu kayan Skyline ta 1989 tun daga 2017 saboda yawan masu nema. A can ana tattalinsu kamar kayan gado, mu nan muna ɗaure musu bututu da robar taya.

Sai kuma wani abu da ba a cika faɗa ba. Da yawa daga cikin waɗannan motoci an ƙera su ne don Japan da Ingila, sitiyarinsu a dama. Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama tun 1972, don haka sai a kai su wurin masu juya sitiyari. Akwai masu aikin da kyau, akwai kuma masu yanka da walda a ƙarƙashin bishiya, a tsawaita bututun birki da abin da aka samu, a jona wayoyi da salatif. Mota mai iya wuce kilomita 200 a awa, sannan sitiyarinta da birkinta suna riƙe da waldar da ba wanda ya gwada. Duk mai son saye ya leƙa ƙarƙashin dashbod da tocila kafin ya leƙa launin fenti.

Mun san za a ce laifin makanikai ne. Iyayen gidanmu masu gareji, da girmamawa, kuna da naku kason. Motar da ke da ƙwaƙwalwa ba a gano ciwonta da kunne kaɗai, kuma na'urar karanta matsala yanzu ba ta fi ƙarfin gareji ba. Ƙusoshin kan silinda da ma'auni ake ɗaure su, ba da ƙarfin damtsen yaron gareji ba. Kuma babu faɗuwa a ce wa mai mota, Alhaji wannan ban san ta ba, je ka wurin wane. Amma mu faɗi gaskiya tsakaninmu, wa yake koya wa bakanike ha'inci? Mu ne. In ya ce a sayo na asali, mu ce Oga yi mini dabara. In ya ce a bar motar kwana uku, mu ce gobe akwai ɗaurin aure. Wanda ya faɗa mana gaskiya mu ce ya cika tsada mu bar shi, mu koma wurin wanda zai cire fitilar gargaɗi daga dashbod ya ce an gama. Kasuwa abin da ake saye take kawowa.

Za a kuma ce, ina ruwanku, kuɗinsa ne, ko hassada ce. In da a aljihunsa abin yake tsayawa da mun yi shiru. Amma filin gado da aka sayar akwai haƙƙin ƙanne a ciki, kuɗin turbo ta uku daga cefanen gida yake fita. Kuma mota ba a tsakar gida ake tuƙa ta ba. Kowa ya san abin da ke faruwa a rakiyar amarya da ranakun Sallah, a tare titi ana juyi da mota, yara sun yi da'ira suna ihu. Lissafin ba ya sauyawa don an yi biki: in ka ninka gudu sau biyu, nisan da birki ke buƙata ya ninku sau huɗu. A kilomita 100 a awa, mota na cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya, kafin ma ƙafarka ta bar totur. Dokar hanya ta ce kilomita 50 a cikin gari. Tsohuwar turbo kuma tana da hali, ka taka ta yi kamar ba ta ji ba, can sai ƙarfin ya zo gaba ɗaya. Saboda wannan halin ne Turawa suka yi wa Porsche 911 Turbo ta 1975 laƙabin mai mayar da mata zawarawa. Paul Walker, jarumin fim ɗin da ya sa yawancinmu son waɗannan motoci, ya rasu a Nuwamban 2013 a cikin motar gudu da abokinsa ke tuƙawa, kuma masu bincike sun ambaci gudu fiye da kima da tayoyi masu shekara tara. Tayoyin da muke saye na gwanjo shekarunsu nawa? A jikin kowace taya akwai lamba huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Mutum nawa ne a zauren nan suka taɓa durƙusawa suka karanta? In kuma motar mai jan ƙafa huɗu ce irin su Subaru, tayoyin huɗu dole su zama girma ɗaya, cinyewa ɗaya, in ba haka ba giyar tsakiya ce za ta biya.

Ku kuma 'yan gidan Corolla, kada ku yi dariya tukuna. Babu wanda ya ce Corolla ba mota ba ce, ita ce ma ta dace da mafi yawanmu. Amma gudun turbo ba zai yi muku tsawon rai ba. Honda Civic tun ƙirar 2016 take zuwa da inji mai lita 1.5 da turbo, Accord ta 2018 haka, Lexus NX 200t ma turbo gare ta, Ford da Volkswagen da Mercedes kuwa sun daɗe da komawa can. Waɗannan su ne gwanjon da ke shigowa yanzu da wanda zai shigo gobe. Mai mota ko bakaniken da ya ƙi koyon turbo yau, nan da 'yan shekaru zai zama kamar mai gyaran rediyon kaset. Don haka cewa a gudu ba shawara ba ce, jinkirta karatu ne kawai.

To ɗan'uwa mai tambaya, ga tamu shawarar. Je ka ga motar da sassafe kafin a tayar da ita, ka taɓa inji ka tabbatar da sanyinsa, domin dillali mai wayo yana ɗumama mota kafin ka iso. Ka tsaya a baya a tayar, ka kalli hayaƙi. Ka buɗe murfin baƙin mai ka duba ko akwai daskararren baƙi ko wani abu kamar madara. Ka sa a cire bututun iska a taɓa fankar turbo a ji ko tana rawa, a duba ko mai ya taru a ciki. A gwada matsin kowace silinda, a jona na'ura a karanta ƙwaƙwalwa, kuma bakaniken ya zama naka, ba na mai sayarwa ba. Ka tambayi farashin turbo da bel da tayoyi huɗu kafin ka tambayi farashin mota. Bayan ka biya, ya zama akwai ragowar kuɗin da za su yi mata babban sabis a makon farko ba tare da ka ci bashi ba. Ka sayi ɗan littafi ka riƙa rubuta rana da kilomita na duk abin da aka canza. Kuma ka tabbata kana da abin hawa na biyu, ko da babur ne, saboda ranar da za ta kwana a gareji tana jiran kaya. In ka cika waɗannan, saya, kuma za ka ji daɗin da mai Corolla bai san da shi ba, mu ma ka ɗan ɗana mu. In ko ɗaya ya gagara, ka haƙura zuwa wani lokaci, babu abin kunya a ciki.

Gidajen sarauta da ke fitar da dawaki ranar hawan Sallah sun san cewa kwalliyar yini ɗaya ce, amma harawa da dusa da kanwa da wanka da sharar barga na kowace rana ne, shekara zagaye. Wanda ya ga hawa ya je ya sayo ingarma ya ɗaure shi a turken jaki, in dokin ya rame ba za mu zagi dokin ba.

Wanda yake da ja, fili a buɗe yake a ƙasa, musamman iyayen gidanmu makanikai da waɗanda suka taɓa riƙe irin waɗannan motoci. A kawo hujja, a bar zagi. Allah ya tsare mu a hanya, ya kai mu mako mai zuwa lafiya.